Kwanta, Bidi

Doki a tsaye yake barci,
kowa ya san wannan a gidanmu na Rikkos.
In ka ga cikinsa ya taɓa ƙasa a gabanka,
ko dai ciwo ne, ko kuwa yarda.

Bara, ana tsakar ruwan Agusta,
ɓarin Baba na hagu ya daina amsa kira.
Hannu ya zama baƙo, ƙafa ta zama kaya,
harshe ya yi nauyi kamar buhun kuzar
da ya sha ɗauka yana saurayi.
Likita ya ce a gode Allah. Muka gode.
Amma kullum da hantsi
sai ya nuna a juya masa kujera ta fuskanci turke.
Ya dubi likkafa, likkafa ta dube shi,
taku uku ne tsakaninsu,
ga shi ta fi Dutsen Shere nisa.

Na je filin folo wurin Cindo mai barga.
Ya ce, "Igiya ce maganinsa.
Ɗaure ƙafar gaba, karya wuya gefe, zai faɗi."
Na ɗaure, na ja, ya faɗi.
Ashe faɗuwa daban, kwanciya daban.
Kwana huɗu Bidi bai ci dusa a hannuna ba.
In na shigo sai ya ba ni baya, kunnuwa a kwance:
su kaɗai na koya wa kwanciya.

Na rataye igiya, na koma ɗan kallo.
Na lura in na wanke shi a bakin ruwan Lamingo
yakan sunsuni yashi, ya tona da kofato,
ya kewaya sau biyu kamar mai neman kwabon da ya yar,
sannan gwiwa ta saki, ya zube don birgima.
Nan na yi masa kwanto.
Gwiwar na fara saki,
sai in bugi dutse da sandar Baba,
ƙwas, ƙwas,
in miƙa karas kafin ya juya.
Ban zaɓi kalma ba,
mai dokin ba shi da kalma yanzu, sanda gare shi.

Wata uku muna haka.
Wata rana ya gane, washegari ya mai da ni mahaukaci
mai ƙwanƙwasa wa dutse ƙofa.
Kaneng mai karas a Farin Gada ta ce,
"Wai zomaye nawa kuke kiwo a gidan nan?"
Ta ƙara mini gyara.

Ran wata Talata muka kawo Baba a keke,
ni da ƙanena Ɗantala, da bargo a kafaɗarsa.
Na sa masa sandar a hannun dama.
Bugun farko ya kuskure dutsen.
Na biyu ya fito a raunane, kamar tarin jariri.
Bidi ya dube ni. Na kau da kai.
Ya dubi tsohon, ya daɗe yana dubansa,
ya hura hanci,
sai gwiwa, sai ƙirji, sai dukan tsawon nan nasa
ya sauko a hankali ya zama kujera.

Mu biyu muka ɗaga ƙafar da ba ta ji
muka ƙetarar da ita kan sirdi.
A nan gabana ya faɗi:
kwanciya na koyar, tashi ban koyar ba.
Baba ya cusa yatsu biyar cikin geza.
Gaba ya ɗaga, duniya ta karkata,
baya ya biyo, ta daidaita.

Daga can sama ya yi magana.
Ɗantala ya rantse hamdala ce.
Ni dai abin da na ji shi ne, "Saki."
Na dubi hannuna a kan linzami.
Na saki.